Ƙwaryar Kande a Koren Ruwa

Tun da ƙasashe uku suka raba kogin, masu dam kan rina ruwa kafin su sako. Fari na ƙasar su Iya Dije ne, kore na ƙasar gangare. Wanda ya taɓa kore, sai launin ya yi wata guda a fatarsa, a hana gidansa ɗiban ruwa.

Shekara talatin ƙanwarta Kande, da ke aure can saman kogin, tana sako mata ƙwarya da goro biyu, alamar tana lafiya. Sau uku ke nan farin ruwa ya zo babu ƙwarya. Yau ga ta tafe, a tsakiyar kore.

Sallau mai gadin gaɓa ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, ba ranarmu ba ce."

"Su mutanen gangare sun san Kande ne?"

Ta tattare zane ta shiga har ƙugu, ta ɗauko ta. Babu goro a ƙwaryar, sai ɗankwalin Kande a ninke, da carbinta.

Sallau ya kawar da kai. "Allah ya ji ƙanta. Ɓoye hannun a mayafi, Iya."

"Bar shi, ɗan nan. Da shi zan karɓi gaisuwa."