Baƙon da Aka Zagaya da Shi Lambu

Tunda ka ce za ka karɓi ragamar wurin da ba ka taɓa zama ba, gyara zama ka ji wani misali.

A bayan garin Jos, inda gajimare ke sauka ya huta a kan duwatsu, akwai wata ungozoma da ta yi ritaya, da mijinta, tsohon malamin gona. Bayan gidansu akwai lambu mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa. Shi ya dasa ta da hannunsa, ya yi shekara talatin yana bin ta da langalanga duk Asabar, ita kuwa tana asibiti tana karɓar haihuwa. Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi, ya ɗauke masa ƙafa da hannun dama da yawancin maganarsa. Masu sassabe sukan zo ran da suka ga dama. Kafin su dawo ciyawa ta sake tashi, har wata safiya matar ta tsinci saɓar maciji a bakin matakala. Amma ba macijin ne ya fi cin ranta ba. Mijin ne ya daina kallon lambun, in an fito da shi shan hantsi sai ya juya fuskarsa bango.

Sai 'yarsu Saratu, da ta zo duba su, ta kai mahaifiyarta wani shago inda ake sayar da injin yankan ciyawa mai tafiya da kansa. Iri biyu aka nuna musu. Ɗaya sai an haƙa ƙasa an binne masa siririyar wayar lantarki kewaye da fili, ita ce iyakarsa. Ɗayan ba ruwansa da waya: yana da ido a goshi, kuma daga taurarin ɗan'adam yake jin inda yake tsaye. Matar ta tsaya tana kallonsa yana rarrafe a ɗan filin gwaji kamar kunkuru mai kiwo, shiru, ba hayaƙi. Nan take zuciyarta ta bar shagon. Ta ga la'asar sakaliya a bayan gidanta, ranar ta yi ja-ja a kan ciyawa lumui kamar darduma, ƙanshin ɗanyen yanka yana shigowa ta taga, mijinta ya ɗago kai yana shaƙa. Injin marar waya ta zaɓa, don ba ta son a sa diga a ƙasar da mijinta ya yi wa hidima. Mai shago ya ce, "Hajiya, ko ku zagaya da shi ku nuna masa iyaka, ko ku sake shi ya gano da kansa. Ai yana da ido." Ta ce a ranta, me za a nuna? Ciyawa ai ciyawa ce.

Aka sa masu sassabe suka rage tsawon ciyawar, aka saki injin. Bai yi nisa ba iska ta cika da wani ƙanshi mai sanyi, har matar ta lumshe ido tana murna. Ashe na'ana'ar da malam, mijin nata, ya shuka a gindin famfo, wadda ake masa shayi da ita, injin ya aske tas. Daga nan ya nufi wani lungu, ƙasa ta lotsa da shi, tayoyinsa suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Sai ta ji bugu a bayanta. Mijin ne ke dukan hannun kujera da hannunsa mai lafiya, idonsa kyam a kan lambun.

Washegari, raɓa ba ta gama bushewa ba, ta ɗora shi a keken marasa lafiya ta tura shi cikin ciyawa. Saratu na biye, tana tuƙa injin da wayar hannu, injin kuma yana bin sawun keken yana haddace hanya. Inda malam ya ɗaga yatsa, nan ake tsayawa. A lungun da injin ya nutse ya ce, "Rijiya." Tsohuwar rijiya ce da ya cike tun kafin a yi katanga. Gaba kaɗan ya ce, "Dutse," suka duba sai ga kansa ɓoye a ƙarƙashin ganye. A gindin shinge ya nuna inda zabi ke zuwa yin ƙwai duk damina. Da suka iso ƙarƙashin gwaiba sai ya dubi 'yarsa ya kira sunanta, ya nuna ƙasa. A nan ya binne mabiyiyarta, wato uwar cibiya, ranar da aka haife ta. Matar, wadda ta karɓi haihuwar da ba ta ƙirguwa, ba ta taɓa sanin inda aka kai ta ɗiyarta ba. Ta saki keken, ta durƙusa ta dafa wurin, ƙasar da sanyi.

Tun daga ranar injin bai ƙara kuskure ba. Yakan bi ta gefen rijiya, ya kauce wa dutse, ya bar wa zabi shingensu, in ya zo gwaiba ya yi mata da'ira ya wuce. Ita kuwa ta gane cewa ranar da ta saki injin, baƙi biyu ne suka shiga lambun, ɗaya na ƙarfe, ɗaya ita kanta, mai shekara talatin a gidan.

Shi ya sa Hausawa ke cewa: baƙo makaho ne, ko da yana da ido.