Maharbin da Ya Yi wa Mazo Sallama

Akwai wani maharbi a wani ƙauye na bakin daji, wanda ya daɗe da gane cewa mai ƙafa biyu ba ya tsere da mai huɗu. Saboda haka ya bar wa masu karnuka guje-guje, shi ya koyi zama. Sana'arsa, in za a faɗe ta ba kwalliya, ƙarya ce: yana yi wa mazo ƙarya har mazon ya kawo kansa. Yana da ƙahoni biyu na wani tsohon mazo, waɗanda yake gwarawa yana murzawa kamar maza biyu sun sarƙe a kan mace, kuma duk namijin da ya ji sai ya zo ya ga su wane ne ke faɗa a fagensa ba da izininsa ba. Kafin ya shiga daji yakan ƙaurace wa sabulu da daddawa da albasa, ya kwaɓa kashin mazo da ƙasar da dabbar ta yi fitsari a kai, ya shafe walkinsa da damatsansa. Matarsa ba ta taɓa kushe wannan dabara ba. Tabarmarsa kawai take fitar masa zaure.

A wata kaka, lokacin da ciyawa ta kai kafaɗa, 'yarsa ta zo gida wankan jego, daji kuma ya yi masa rowa. Gidan maharbi guda, mai jego tana shan kunun kanwa ba ko tsoka. Maƙwabta ba su ce komai ba, amma sun iya yin shiru yadda za a ji shi. Da hantsi ya sami gindin wata kanya a bakin fadama, ya barbaɗa toka ya ga inda iska ta nufa, ya durƙusa yadda za ta kwashi warin jikinsa ta kai fili, ya fara gwara ƙahoninsa. Bai jima ba sai ya ji amsa daga tsallaken filin: kukan macen mazo, siriri, mai taushi. Ya sake gwarawa, aka sake amsawa. Can sai ciyawa ta motsa a gindin wani suri, ya hango jar fata mai ɗigon fari. Ya ɗora kibiya, irin wadda dafinta ba ya jira a kai mutum gida, ya ja tsirkiya har kunne.

Ba tausayi ne ya riƙe hannunsa ba. Kukan ne ya yi kyau fiye da kima. Macen mazo ta gaske ba ta yin kuka don a yaba mata. Tana yi tana kiwo, tana kaɗa kunne saboda ƙuda, wani lokaci muryar ta sarƙe a tsakiya ta bar ta haka. Wannan kuwa, da ya yi shiru sai ta yi shiru tana saurare, daidai yadda shi ma yake yi. Sai ya dubi wurin da kyau. Suri a baya, rana a bayan suri, iska a fuska, fili a buɗe a gaba. Ya tambayi kansa: da shi ne ya ɓullo ta wancan ɓangaren yana neman inda zai laɓe, ina zai zaɓa? Nan ne, ba ko taki ɗaya gefe. Duk da haka bai tabbata ba. In mazo ce, kalma ɗaya ta isa ta kore ta, ya koma gida hannu rabbana. In kuwa mutum ne, kibiyar da ta bar baka ba ta jin kira. Ya sassauta tsirkiya a hankali, ya gyara murya, ya ce wa ciyawar, "Salamu alaikum."

Sai ciyawar ta ce, "Wa alaikumus salam."

Wani dattijo ya miƙe da fatar mazo a kafaɗa, maharbin wani gari ne na hayin kogi, kibiyarsa tana kan baka.

"Kai ne mazan nan biyu?" in ji dattijon.

"Ni ne, Baba. Ashe ke ce amaryar."

"Ɗan nema! Wallahi ka fi mazon gaske wari. Tun ɗazu nake auna inda haƙarƙarinka yake, saura ƙiris..." Ya nemi gefen surin ya zauna, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Ranar nan ba a ci nama a gidan maharbin ba, ba a kuma haƙa kabari a garuruwa biyu ba. Masu labari sukan so su ce wani asiri ne ya tsare shi, ko laya. Mai yiwuwa ne. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne mutumin ya san sana'arsa har ya gane ta a bakin wani, kuma a ranar da ya fi bukatar a ce mazo ce, ya yarda ya tambaya. Ba kowane gwani ke iya zargin abin da ya zo masa daidai da son ransa ba. Hausawa dai, da ba su cika tausasa yabo ba, cewa suka yi: mugu shi ya san makwancin mugu.