Man Shanuna a Kan Ngozi

Har yau idan na ɗanɗana gishirin miya, sai wannan yammacin ya dawo mini.

Maƙwabtanmu a Dutse mutanen Kudu ne, masu awon gyaɗa. 'Yarsu Ngozi sa'ata ce, tare muke wasan ƙasa. Fada, limamin cocinsu, ba ya zuwa daga Kano sai shekara-shekara, don haka ranar da ya zo aka tara yaransu, na goye da masu tafiya, za a yi musu baftisma a gindin tsamiya.

Bayan azahar Inna ta zaunar da Ngozi tsakanin ƙafafunta, wurin zamana, ta yi mata kitso da man shanun da ta ajiye mini na Sallah. Ni kuwa kaina a tsefe.

Na raɓe jikin zana ina leƙe. Ga Ngozi cikin farar riga, kowa ita yake kallo. Fada ya ɗora mata gishiri a harshe, sannan ya kwarara mata ruwa a ka, a kan man shanuna.

Na koma gida da kuka. "Inna, ni ba a taɓa yi mini komai ba."

"Ji ja'ira! Rago guda babanki ya yanka ranar sunanki."

"Ai ban gani ba!"

Ta yi dariya har da hawaye. Sai ta dangwalo gishiri, ta yi bisimilla, ta sa mini a baki. "To, ga naki. Zauna in kitse kan nan."

Man ya ƙare, da ruwa ta yi mini. Allah Ya jiƙan Inna. Na haifa, na ga jikoki, amma man nan har yanzu yana yi mini ciwo.