Zaren Cindo

Ungozoma ta shiga ajin makarantar da sandarta da ƙullin tsummanta, ba ta gaida kowa ba. An ture bencina gefe. Malamin ƙidaya yana zaune da ƙaton littafi a gabansa, mai gari yana kusa da shi a kujerar da aka ɗauko masa daga gida.

Ruwan madatsa zai cinye ƙauyen kafin damina biyu. Hukuma ta yanka fili a kan tudu, ta ce duk ɗan asalin ƙauyen da sunansa ya shiga littafi zai sami gida da gona. Wanda bai shiga ba, ya san inda ya nufa.

Mutum ɗari uku da goma sha biyu ne a ƙauyen. Ungozoma ba ta iya karatu ba, amma wannan ta sani, domin fiye da rabinsu a tafin hannunta suka faɗo duniya. Mai gari ya ce ɗari biyu da hamsin ne. Sauran, mutanen ƙetaren kwari, ya ce baƙi ne. Gonakinsu na kan tudu kuwa tuni ya raba wa surukansa da baki.

"Kakana ya sare dajin nan, shi ya haƙa rijiya," in ji shi, yana murza gefen hannunsa kamar yadda ya saba tun yana yaro. "Su kuwa shekarar yunwa suka zo, aka ba su bakin kwari su tsuguna."

Shekarar yunwar ta yi shekara casa'in. Kaburburansu sun cika gindin tsamiya. Su suke ƙera fartanyar da ake noma da ita, su suka yi wa kakan nasa jinya har ya cika.

Malamin ƙidaya ya ce ba shi da takardar da za ta raba baƙo da ɗan gida. Mai gari ya yi murmushi, ya ce akwai abin da ya fi takarda: cindo. 'Yan ƙetare da yawa da yatsa na shida ake haihuwarsu, ungozoma ta ɗaure shi da zare har ya bushe ya faɗi. A zuriyarsa, in ji shi, ba a taɓa ganin wannan ƙazanta ba. Duk wanda aka ɗaure wa cindo, da shi da 'ya'yansa, a soke.

"Ƙazanta?" Maƙerin ƙetare ne ya leƙo ta taga. "Da kake aiko a gyara maka garma ba ka ƙirga yatsuna ba."

"A rufe tagar nan," in ji mai gari.

Sa'anni ne su biyun, mako ɗaya aka yi sunansu, kuma tun suna rarrafe ba sa shiri. Taurin kai ɗaya, murya ɗaya in sun fusata.

Sau uku ungozoma ta taka har zauren mai gari ta ce ya bar maganar nan. Na farko ya ba ta goro. Na biyu ya bar ta a tsaye. Na uku ya ce, a gaban mutane, "Iya, tsufa ya fara taɓa ki." Ita da ta wanke masa kashi. Yau kuma shi ya aika a kira ta, don ya san ba ta taɓa yar da zaren cindo ba. In yatsa ya faɗi takan kwance zaren ta ƙulla ta ajiye. Littafinta ke nan.

Ta zauna a ƙasa, ta kwance tsumman. Yawancin zaren ya yi baƙi don daɗewa. Ta riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya tana faɗin mai shi. Maƙeri. Ƙanwar masunci. Jikan mai tukwane, wanda ko yaye shi ba a yi ba. Alƙalamin malamin yana jan layi, a waje mata suna kuka ƙasa-ƙasa. Arba'in ta ƙirga. Da 'ya'yansu, ba wanda ya tsira a ƙetare.

Saura ɗaya a tsumman. Ba irin sauran ba ne, ja ne na alharini, wanda aka zare daga zane mai tsada.

"Wannan fa, Iya?" in ji malamin.

Ba ta dube shi ba. Shekara hamsin da huɗu tana riƙe da alkawarin wata mata da ta riga mu gidan gaskiya. Ta roƙi matacciyar gafara a ranta, sannan ta ɗaga kai ta dubi mai gari.

"Yaro, ina tambayarka karo na ƙarshe. Dokarka tana nan?"

"Mai gari ake ce mini. Tana nan, ko ɗan waye."

"Malam, ka ji da kunnenka. Rubuta."

Ya rubuta. Ta dogara sandar ta miƙe, ta ce a buɗe tagar.

"Ranar da matar tsohon mai gari ta haifi gawa, wata mata a ƙetare ta haifi tagwaye, ta rasu. Ɗaya na bar wa maƙera." Ta cafki hannun mai gari, ta juyo gefen da yake murzawa, inda ɗan tabo yake kamar ƙwayar gero, ta ɗora jan zaren a kai. "Ɗayan na kai wa matar mai gari, ga shi nan zaune a kujera, ya soke kansa."