Matar da Ta Ɗora Tukunya Biyu

Tabawa, kin ce kwana huɗu kacal da fara kiyaye bakinki har kin gaji, wai kina dafa wa mutane daɗi ke kina cin abu kamar magani. To zauna in buga miki misali da wata mata da muka yi maƙwabtaka shekarun baya.

Matar nan baki tara take ciyarwa har da nata: mijinta, 'ya'ya shida, da mahaifin mijin, wani tsoho da aka ɗauko daga ƙauye, wanda abinci ya fita ransa, loma biyu yake yi ya ture kwano. Wata rana jiri ya kwashe ta a bakin murhu, saura ƙiris ta faɗa kan tafasasshen ruwa. A asibiti aka ce jininta ya hau, sukari ma ya hau, ciwon da ya kwantar da mahaifiyarta shekara uku ɓarin jiki ba ya motsi. Likita ta ba ta magani, sannan ta gindaya mata sharaɗi na kwana arba'in: duk abin da ya fito daga leda ko gwangwani ko kwalba kada ya shiga bakinta. Ba sukari, ba fulawa, ba taliya, ba dunƙulen miya, gishiri kuwa sai abin da yatsu biyu suka tsakuro. Ta ce da ita, “Abin da ba za ki iya nuna gonarsa ko garkensa ba, ki bar shi.”

Mutanen gida suka ce su lafiyarsu ƙalau, ba da su aka yi ba. Saboda haka kullum bayan la'asar tukunya biyu take ɗorawa. Babbar tasu ce, taliya ko shinkafa da jar miya tana ƙyallin mai. Ƙaramar tata ce, wake ko tuwon dawa da ɗan zogale. Hannunta ke juya babbar, turirinta na dukan fuskarta, amma ko a tafin hannu ba ta ɗanɗanawa, da ido da hanci take auna gishirin. Makon farko abincinta kamar dusa yake a bakinta. A kwana na tara aka yi suna a layinmu, aka aiko mata da cincin. Ta ɗauki guda ɗaya ta riƙe har ya jiƙe da gumin tafinta, sannan ta jefa wa kaji, ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta fito ta hura wuta.

Da ta ga ba ta da abin jefawa a miya ta yi daɗi nan take, sai ta ba ƙaramar tukunyar lokacinta. Ta koma surfen dawa da kanta. Ta daka daddawa da busasshen kifi da citta a turmi. Albasa kuwa sai ta bar ta a kan garwashi ta narke a hankali har ta yi ja. A kwana na ashirin ta kai yankan kabewa baki, sai ta tsaya cak. Zaƙi ta ji. Ta ɗauka wani ya zuba mata sukari, har ta bi gida tana tambaya. Ba wanda ya taɓa. Zaƙin nan yana cikin kabewa tun ranar da Allah ya halicce ta, harshen ne ya yi shekaru a rufe, yanzu ya buɗe. Daga nan ta fara jin garɗin wake, ta gane tsamin yakuwa daban, na tsamiya daban. Ta ce mini wani lokaci takan riƙe ƙwayar gero ɗaya a tafi tana kallo, tana ta tasbihi.

Ana haka wata yamma ta kaɗa miyar kuka a ƙaramar tukunyar. Sai ga tsohon nan ya fito yana dogara sanda, abin da ya yi watanni bai yi ba, ya zo ya zauna a kan turmi kusa da murhu. Ya daɗe yana shaƙa, sannan ya ce, “'Yar nan, wa ya koya miki miyar uwata?” Ta ce, “Baba, ba kowa, rashin yadda zan yi ne.” Ta juye masa rabonta. Ina tsaye a wurin, na shigo aron rariya. Ya cinye tas ya suɗe kwano, hawaye na bin gemunsa, ya miƙo ya ce a ƙara.

Da maigidan ya ga haka sai ya sa yatsa ya ɗanɗana, 'ya'yan suka biyo baya. Kafin mako ya zagayo ƙaramar tukunya ta daina isa, aka juye girkinta a babbar, taliya ta koma sai an tuna da ita. Ranar arba'in likita ta auna ta, ta dubi abin awon, ta sake aunawa, sannan ta rage mata magani. Tsohon kuwa ya yi kumari, har ya koma zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa, ya ƙara shekara biyu a duniya yana cin tuwon surukarsa.

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mace ta shiga wuya don ta tsira da ranta, Allah ya tashi mutum biyu da wake da ganyen kuka da zogale. Ai shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.