Ƙodar da Aka Binne

Ranar sadakar ukun Sabi'u, matarsa Tasalla na zaune a tabarma tana karɓar gaisuwa, idonta a bushe ƙamas.

Tun da ruwan rijiyoyi ya lalata ƙodar mutanen garin, rabinsu da ƙodar roba suke yawo. Ita kuwa roba ba ta yarda gishiri da ruwan jiki su fita a banza. Da hawaye ya taso, sai ta yi ƙit a kwiɓi, ta tsare shi.

Dudu, yayar marigayin, ta zo ta tsaya a kanta, ido ya yi jawur.

"Tasalla, mutane na kallo. Ko albasa ki shafa mana."

"Na shafa, Yaya."

"Haka 'yan roba kuke. Ba tausayi."

Tasalla ta dafa kwiɓinta, inda abin yake ta ƙit-ƙit tun asuba.

"Da aka nemi mai ba shi ƙoda, kowannenku cewa ya yi yana da yara. Ɗaya na ba shi, ɗayar ta gaji, aka sa mini ta roba. Tawa kuka binne tare da shi. Ku yi kukan, Yaya, tunda ku naku na fita."