Gangunan Ruwa Shida

Tunda ka ce shirinka ya kammala, saura ƙananan abubuwa, zauna ka ji labarin wani matuƙin jirgin ruwa a bakin teku. Mahaifiyarsa ta tsufa, burinta ɗaya ya rage: ta sake taka tsibirin da aka haife ta, ta ga ƙanwarta da suka rabu shekara arba'in. Tafiyar kwana ashirin ce, ana ratsa tsibirai bakwai, kuma jirginsa ba shi da inji, iska ke tura shi. Iskar da ke kaɗawa wajen kuwa wata biyu kawai take yi a shekara. Mutumin bai yi wasa ba. Ya sake ɗinke ƙyallen jirgin, ya murɗa sabbin igiyoyi, ya bi tsofaffin masunta gida-gida yana tambayar inda duwatsu suke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Wata rana tsohuwar ta leƙo tana dogara sanda, ta ce, "Ɗan nan, ka jiƙa gangunan ruwan sha kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, wannan ai aikin safiya ɗaya ne."

Shirin ya cinye mafi yawan kwanakin iskar. Ranar tashi ya samo sabbin gangunan katako shida, ya cika su, suka kama hanya. Busasshen katako kuwa sai ya kwana biyu yana shan ruwa kafin ya kumbura ya toshe kafofinsa. A rana ta shida ya ƙwanƙwasa ganga ta farko, ta amsa masa kamar kalangu. Huɗu sun tsiyaye tas. Ga ruwa iya ganin ido, babu na sha. Dole ya karkata zuwa wani ɗan tsibiri da ba ya kan hanyarsa, inda ya yi mako biyu yana gyara da neman rijiya. Kafin ya gama, iska ta juya. Mutanen wurin suka ce sai baɗi. Tsohuwar ba ta taɓa ce masa "na gaya maka" ba. Kullum da yamma takan zauna ƙarƙashin bishiyar kwakwa tana kallon gabas, wajen tsibirin da aka haife ta, har damina ta zo, ciwo ya kwantar da ita, ta rasu. A nan ya binne ta, cikin baƙi, saura tafiyar kwana goma sha huɗu.

Don haka tashi ka je ka duba ƙananan abubuwan nan naka tun yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.